Abbati a Ɗakin Kwaɗi

Abbati ɗan yayata Saliha ne, ɗanta na fari. Sunansa na yanka Muhtari, sunan kakansa na wajen uba, shi ya sa dangin ubansa sunka laƙaba masa Abbati, mu ma munka bi. Ita kuwa Yaya Saliha ba ta faɗin ko ɗaya daga ciki. In tana son ya zo sai ta ce, "Kai." In da wani take maganarsa sai ta ce, "Yaron nan." Ba ƙi ba ne, kunyar ɗan fari ce. Haka Innarmu ta yi da babban wanmu, haka matan unguwarmu a Ƙauran Namoda suke yi. Shi ma bai taɓa ce mata Inna ba, Yaya yake ce mata kamar yadda ya ji ina faɗi. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin ba sai shekarar da anka ƙaddamar da shari'a a Gusau.

A shekarar ne mijinta ya rasu. Da ta gama takaba ta dawo gidanmu da Abbati da ƙanwarsa Mardiyya. Wan mijin nata, Malam Malami, da ke koyarwa a wata Islamiyya a Zurmi, ya aiko cewa in an kai amfanin gona gida zai zo ya ɗauki yaron ya riƙe. Babu wanda ya yi musu, ɗansu ne. Abbati ma ya sani. Lokacin bai fi shekara tara ba.

Ni Labbo nake, faci nake yi bakin hanyar tashar jirgi. Karatuna bai yi nisa ba. In ba keke a gabana, yara ne abokan zamana, don ba na korarsu.

Maƙwabcinmu Alhaji Mainasara mai motocin kaya ne, suna zuwa Shinkafi har su ƙetara iyaka. Shi ke da talabijin a layinmu. Da batirin mota yake kunna ta, eriyarta kuma a kan gora biyu da anka ɗaura baki da baki. In sararin sama ya yi kyau takan kamo tashar Nijar. Ran Asabar bayan la'asar akwai wani wasa da suke nunawa, ranar zauren Alhaji ba ya da wurin aje ƙafa. Ni ke juya gorar a waje, yara na yi mini ihu, "Ya yi! Ya ɓaci! Koma kaɗan, Kawu!" In hoto ya zauna sai in tokare ta da dutse in leƙo ta taga.

Wasan na yara ne. Wani ƙaton gidan dutse ne mai ganuwa, a tsakiyar teku, ba ƙasa ko'ina kusa da shi. Ana kawo yara da riga iri ɗaya. Sai a sa ɗaya a ɗaki, a juya wata kwalba mai rairayi a bakin ƙofa. Can ciki akwai makulli, amma kafin ka kai gare shi sai ka hau igiya, ko ka sa hannu a tulu mai ƙwari, ko ka bi ta cikin laka. Sauran suna leƙe ta ƙaramar taga suna ihu. In ka fito kafin rairayin ya ƙare, ka tsira. In ya ƙare kana ciki, a rufe ka, sai 'yan'uwanka sun ba da makulli ɗaya sun fanshe ka. A ƙarshe su buɗe wani fili mai damisa su kwashi zinari.

Da Faransanci ake yi, ba mai ji. Alhaji dai yakan fassara mana, don ya ce ya sha kwana a Maraɗi. In mai gabatarwa ya yi magana mai tsawo sai Alhaji ya ce, "Cewa ya yi su yi sauri." In ya yi gajera ma, "Su yi sauri." Tun da anka rufe silima a gari Alhaji ya shiga taka-tsantsan. Ya maida 'yan mata can baya wajen ƙofar cikin gida, ya kuma aje faranti kusa da shi. Da matar nan mai gajeren wando da ke raka yaran ta bayyana, sai ya kife farantin a fuskar talabijin har ta wuce.

Wata Asabar, da anka gama wasan, sai ga kwalekwale ya kawo iyayen yaran. Wata mata tun ba ta sauka ba take ƙwala kira. Ba mu jin harshen, amma kowa ya gane suna take kira, don yaro ɗaya ne ya juyo. Ta yi ta maimaitawa har ta iso ta rungume shi, tana sumbatar kansa. Alhaji ya lalubi faranti, kafin ya kife an riga an gani. Zaure ya ɗauki dariya. Abbati bai yi ba.

Muna komawa gida ya ce, "Kawu, waccan matar uwatai ta?"

"Da alama."

"Kuma take kiran sunanai gaban mutane?"

"Ƙila ba ɗan hwari ba na."

"In shi na fa?"

Na ce su can ba su da irin kunyarmu. Munka ci gaba da tafiya har munka wuce rijiya. Sannan ya ce, "Kai ka taɓa jin Yaya ta hwaɗi nawa?"

"Abbati, ai tana son ka."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Daga ranar ya fara 'yan dabaru. Ya ɓoye bayan rumbu lokacin tuwo don ta neme shi. Ta ce, "Mardiyya, ina yaron nan?" Wata rana ya zo mata da allon makaranta ya ce malaminsu ya ce kowa ya tambayo uwarsa cikakken sunansa. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Tahi ka tambayi kawunka." Na ga dai hannunta ya tsaya a kan rariya kafin ta ci gaba. Ita ce mai ɗebe masa ƙanzo ta aje ƙarƙashin kwano, ita ce mai wanke masa riga tun bai cire ta da kyau ba, amma duk a bayan idonsa, kuma in ya shigo sai ta kau da kai.

Bayan gidanmu akwai kangon wani tsohon siton gyaɗa, tun na zamanin da jirgi ke kwasar ta. Rufin ya tafi, ɗakuna ƙanana dai suna nan. Nan yaran layinmu sunka mai da gidan dutsensu. Abbati ne ya kawo shawarar, ni na yi musu aikin hannu. Na haɗa kwalabe biyu baki da baki, na huda murfi, na tankaɗe rairayin gulbi na zuba. Na tara musu tsofaffin makullan kwaɗo da na keke. Wani ɗaki munka miƙa guntun ƙarfen dogo a kan laka. Wani munka rataya makulli a reshen ɗan bedi, wato darbejiya, da ya tsiro a ciki. Na ƙarshe shi ne ɗakin kwaɗi: tulu ne mai ƙaramin baki, makulli a ƙasa, kwaɗin damina a sama. Shi kaɗai ke da ƙofa, wani fallen kwano da na ɗaure da waya. Awakin Alhaji su ne damisa, murafen lemo su ne zinari. Da farko har da 'yan mata ake yi, daga baya iyaye sunka hana, sai dai su hau katanga su yi ihun daga can.

Ni ne mai tsaron ƙofa. In rairayi ya ƙare in ja kwano in ɗaure. Dokar da yaran sunka sa ita ce, wanda anka rufe ba ya fita sai wani nasa ya tsaya bakin ƙofa ya miƙa mini makulli, ya kira sunansa da ƙarfi. Abbati ne ya ƙara wannan ta kiran suna. Ban kawo komai a raina ba.

Shi Abbati ba a taɓa rufe shi ba. Yana da sauri, ba ya ƙyamar kwaɗo.

An yanke gero, an kai dawa gida. Wata safiya da hantsi sai ga Malam Malami da 'yar jakarsa. Mutum ne mai sanyin magana, ya gaisa da Inna ya daɗe, ya yi wa mamacin addu'a. Ya ce motar Zurmi na tasha tana lodi, in ta cika ba ta jira. Yaya ta riga ta ɗaure kayan yaron a zane tun jiya, har da ƙuli-ƙuli da 'yar fura a ƙullin leda. Abbati ya zo ya durƙusa ya gaida baffansa, sannan ya ce a bar shi ya yi wasa ɗaya da abokansa. Malam ya yi murmushi ya ce, "Yi maza."

Yara sunka taru a kango kamar an buga ganga. Anka yi ɗakin laka, anka yi na bedi. Da anka zo na kwaɗi Abbati ya ce shi ne. Na juya kwalba, ya shiga. Ina kallonsa ta hudar bango. Hannu ɗaya ya sa ya fito da makullin. Sai ya goge shi a riga, ya nemi gefen bango ya zauna.

Yara na ihu, "Hito! Hito, Abbati! Ya kusa ƙarewa!"

Ya dube ni ta hudar, bai motsa ba. Rairayi ya ƙare.

"Kawu, ruhe," ya ce.

"Baffanka na jira."

"Doka ta. Ruhe."

Na ja kwanon na ɗaure. Jamilu, babban abokinsa, ya zo da gudu ya miƙo mini makulli ya ce, "Muhtari Abbati, hito!"

"Ba kai ba," in ji shi daga ciki. "Yaya za ta kira ni."

Wani cikin yaran ya ƙyalƙyale da dariya, 'yan matan kan katanga sunka sauka sunka ruga cikin gida da labari. Na matsa bakin hudar na ce, "Abbati, kak ka yi haka. Ka san ba ta iyawa."

"Sau guda dai, Kawu. In ta hwaɗi, ni da kaina zan ɗau kayana."

Inna ce ta fara zuwa, tana dogara sanda. Ita da shi akwai wasan kaka da jika. Ta ce, "Kai, mijin banza! Za ka tahi ka bar ni ba ko kuɗin cehwane, kuma ka shige cikin kwaɗi? Hito in gan ka, angon kwaɗo."

"Inna, ba ke ba."

"To ni mi na rasa? Ni na san sunanka tun ran da anka raɗa shi."

"Ke kullum kina hwaɗi."

Inna ta dube ni, na dubi ƙasa. Kafin wani lokaci matan maƙwabta sun fito da lulluɓinsu sun tsaya bakin kango. Alhaji Mainasara ma ya zo yana gyara hula, yana cewa shi dama ya san wannan akwatin sai ya jawo magana. Malam Malami ya biyo su. Da anka gaya masa abin da ake ciki bai yi faɗa ba. Ya ce a kira Saliha.

Ta daɗe ba ta fito ba. Da ta zo, mayafinta har goshi, Mardiyya na riƙe da gefen zanenta. Ta tsaya nesa da ƙofar kaɗan.

"Kai," ta ce. "Hito, ana jiran ka."

"Wa?"

"Kai ɗin."

"Ni wa, Yaya?"

Wata daga cikin matan ta toshe baki da mayafi tana dariya. Wata ta ce, "Yau ga ɗan zamani. Mu namu ko kallon ido ba su samu ba, ga su nan sun girma." Wata kuma ta ce, "Saliha, in kin hwaɗi, gobe duk ɗiyan unguwag ga sai sun shige ɗaki."

Malam Malami ya ɗaga hannu sunka yi shiru. Ya ce, "Saliha, wanga abu al'ada ta, ba addini ba. Ba inda littahi ya hana uwa kiran ɗanta. Hwaɗi, ba komi. Ni na ba ki izini."

Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma ni da nake kusa na ga yadda maganar ta ƙara ɗaure ta. Sunan yaron sunan mahaifin Malam ne, surukinta, ga ɗansa tsaye yana sauraro, ga mata sun zuba ido su ga ko za ta yi. Da ba kowa a wurin, ban sani ba, ƙila da ta faɗi. Na ce, "Jama'a, ku ɗan ja baya mana." Ba wanda ya ja. Muryata ba ta da nauyin da za a ji.

Ta matso har ta dafa kwanon. Ta sassauta murya, yadda ni da shi kaɗai za mu ji.

"Na sa maka ƙuli cikin kaya. Da hura. Kak ka bari ta yi tsami."

"Yaya, ko Abbati ɗin ma ya isa."

"Rigarka mai aljihu na ɗinke ta."

"Ko a hankali. Ba mai ji sai ni."

Na ga leɓenta ya motsa. Wallahi ya motsa. Ta haɗa shi kamar mai shirin fara sunan, ta ja numfashi. Sai Mardiyya ta ja zanenta, wata mata a baya ta yi tari, ita kuma ta saki kwanon kamar ya ƙone ta. Ta ce, "Labbo, buɗe mishi," ta juya. Ba gudu ta yi ba, tafiya ta yi a hankali har ta shige gida, ba ta waiwayo ba.

Yaron mota ya leƙo daga bakin hanya yana cewa saura mutum biyu. Na sa hannu zan kwance wayar, sai na ji Abbati ya ce, "Bari, Kawu." Ya tura kwanon da ƙafa daga ciki, wayar ta zame, don dama ba wani ɗauri ba ne. Ya fito, ba hawaye a fuskarsa. Ya miƙa wa Jamilu makullin ya ce, "Naku na." Ya wuce matan, ya tsaya gaban baffansa ya ce, "Mu tahi."

Ni na ɗauki ƙullin kayan. A ƙofar gida Inna ta ce ya shiga ya yi sallama da uwarsa. Ya tsaya a zaure ya ce, "Yaya, na tahi." Daga ciki anka ce, "Allah shi kiyaye hanya." A tasha na saya masa rake, ya karɓa ya riƙe bai sha ba. Da motar ta tashi na ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga, amma gaba yake kallo.

Ban koma wajen faci ba. Na bi ta kango don in sako kwaɗin nan, tunda wasa ya watse. Rana ta take, ba kowa a waje. Da na leƙa ɗakin sai na ga Yaya a zaune gefen bango, daidai inda ya zauna. Ta ɗago ta gan ni, ba ta ji kunya ba, ba ta tashi ba.

"Ya samu wuri cikin motar?"

"Ya samu, kusa da taga."

"To. Ja mini ƙohwar nan."

Na ja kwanon. Na yi niyyar tafiya, amma sai na tsaya bakin ƙofar. Can sai na ji ta. A hankali ta fara, kamar mai gwada ko bakinta zai ɗauka. "Muhtari." Ta sake. Sannan ta yi ta faɗi, wani da ƙarfi kaɗan, wani ya shige cikin kuka. Ban taɓa jin sunan da daɗi haka a bakin kowa ba. Na zauna a ƙasa na jingina da bango har ta gama. Da ta fito ta gyara mayafi ta ce in zubar da kwaɗin, wari suke. Ba mu sake maganar ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Na ga kamar saƙo ne anka ba ni, ko da ba ta ce in kai ba. Da kasuwar Zurmi ta zagayo na rufe akwatin facina na shiga mota.

Na same shi a ƙofar gidan Malam yana wankin allo. An yi masa aski, an ɗinka masa sabuwar riga, da gani ana kula da shi. Ya yi murna da ganina, ya tambayi Inna da Mardiyya da Jamilu, ya tambaya ko har yanzu Alhaji na kife faranti. Bai tambayi Yaya ba. Na ja shi gindin wata tsamiya na gaya masa komai, yadda na same ta a ɗakin, yadda ta sa na ja ƙofa, yadda ta yi ta kira.

Ya saurare ni har na gama, yana kankare busasshiyar tawada a gefen allon da farce.

"Da gaske, Kawu?"

"Wallahi da kunnena na ji."

"Muhtari ta ce ko Abbati?"

"Muhtari."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon hanyar da motoci ke bi. Na zaci zai yi murmushi, ko ya ce in gaishe ta.

"Ai kai ka ji," ya ce. "Ni ban ji ba."

Anka kira shi daga cikin gida. Ya ɗauki allonsa ya ce in jira a kawo mini ruwa.